Ɗan Ragon da Ba a Miƙe Ƙafarsa Ba

Allah Mai hikima da Ya halicci ƙafafu bai yi wa kowa su daidai ba. Gwaggo tana cikin waɗanda aka jarraba da haka tun tana goye, domin ciwon shan inna ya tanƙwashe mata ƙafar hagu. Mahaifinta, Allah Ya jiƙansa da rahama, mai zane ne, kuma dominta ya zana littafin yaran nan da ya shiga kusan kowane gida. Labarin wani ɗan rago ne mai ɗingishi, wanda kullum garke ke barinsa a baya in za a tafi shan ruwa. A shafin ƙarshe yakan iso shi kaɗai bayan sauran sun dama ruwan da kofatansu sun wuce, ya tarar laka ta kwanta, ruwa ya yi garau har sama ta bayyana a cikinsa, sai ya sha ya ƙoshi. Waɗanda aka karanta wa littafin suna ƙanana sun karanta wa 'ya'yansu, yau ga jikoki suna tauna gefen bangonsa.

Da mahaifin ya rasu, haƙƙin mallakar littafin ya koma hannun Gwaggo. Shi ya sa Manajan kamfanin da ke buga shi ya aika a kira ta wata safiya. Jikan aminin mahaifinta ne, ta san shi tun yana rarrafe. Ofishinsa a saman bene yake, haka ta hau tana dogara sandarta tana ambaton Allah a kowace matakala.

"Haba Gwaggo, ai da kin ce in sauko," in ji shi, yana jawo mata kujera.

"Da niyyar saukowa gare ka, ba sai na ce ba. Me ya faru?"

Ya shimfiɗa mata sababbin zane a kan tebur, launukansu na ɗaukar ido. Ta bi su a hankali har ta kai na ƙarshe. Ga ɗan rago da ƙafa miƙaƙƙiya sambal, yana tsalle a gaban garke, shi ya fara isa bakin ruwa.

"Wannan ragon na wane ne?"

"Naki ne, Gwaggo. Ɗan gyara aka yi masa."

"Ikon Allah. Wane asibiti kuka kai shi? Yi mini kwatance, ni ma in je."

Manajan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce iyayen yanzu sun fi son labarin da mai rauni zai yi nasara. Abokan aikinsa kuma sun yanke shawara: ko ta sa hannu a canja shafin, ko kamfani ya daina buga littafin. Ya ajiye mata biro a gefen zanen.

Gwaggo ta san littafin da aka daina bugawa a hankali yake ɓacewa, kamar gidan da masu shi suka ƙaura. Sai ta tuna ranar da take zaune a cinyar mahaifinta, hannunsa duk tawada, ta tambaye shi yaushe ƙafar ɗan ragon za ta warke. Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce, "Ba za ta warke ba, uwata, amma zai sha ruwa." Da wannan magana ta yi karatu, ta yi aure, ta aurar da 'ya'ya, ta tsufa.

Ta ture biron da bayan hannu.

"Ɗan nan, yaron da ke jan ƙafa, in ya buɗe wannan shafin me kuka gaya masa? Cewa sai ya warke zai samu rabonsa? Wanda Ya tanƙwashe ƙafar bai hana ta isa bakin ruwa ba. Amana aka bar mini, kuma za a tambaye ni a kanta."

"Gwaggo, ni ma fa da littafin nan aka raine ni."

"To an yi asarar karatu. Tashi ka ɗauko mini zanen ubana."

Ya roƙe ta, ya haɗa ta da zumuncin kakansa. Ta ce da kakansa yana raye, da shi zai fara ja masa kunne. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya buɗe kabad ya fito da tsofaffin zanen a naɗe cikin takarda mai kauri. Ya ce zai riƙa mata zuwa ƙasa, ta ce ya riƙe ragonsa mai tsalle, ta rungume nata ta sauka.

Ba gida ta nufa ba. A ƙarshen layin akwai wani ɗan shagon ɗab'i, ƙanshin tawada na fitowa ta ƙofarsa, ga tarin takardu har rufi. Ta yi sallama ta warware naɗin a kan teburin mai shagon, wanda ake kira Mai Injin. Yana gani ya dafe kai.

"Kai, ɗan ragon nan! Namu ƙanwata ce ta yayyage shi, har yau ban yafe mata ba."

"To ka yafe mata, ga asalinsa. Za ka iya buga mini shi yadda yake?"

Ya dubi injinsa ya sosa ƙeya. "Mama, tsohon inji ne, ba ya sauri. Kuma kaɗan-kaɗan zan riƙa fitarwa, ba kamar manya ba."

"Ni da jinkiri mun daɗe tare," in ji Gwaggo. Ta jingine sandarta, ta zauna a kan benci tana mayar da numfashi.

Mai Injin ya goge hannuwansa da tsumma, ya yi bisimilla. "Da wane shafi zan fara?"

Ta zaro na ƙarshe ta miƙa masa.