Takabar Uwani

Ranar wata Lahadi aka kashe Sirajo, a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Illela. Mai shagon atamfa da shadda ne, ya daɗe yana bin hanyar nan. 'Yan bindiga suka tare motarsu, suka buɗe wuta, suka shige daji. Ƙanensa Jamilu, wanda suke zaman shago tare, shi ya je ya ɗauko gawar.

Matarsa Uwani ta shiga takaba a gidansu na Ƙofar Dundaye. Da farko gidan cike yake da masu gaisuwa, amma bayan sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. 'Yarta Fatima takan tafi makaranta da safe, ta bar ta daga ita sai bango huɗu da ƙarar fanka. Ko ta ɗauki carbi, tunani ne ke ƙwace mata shi. Ba wanda aka kama. Duk wanda ta tambaya, amsarsa ɗaya ce: a bar wa Allah.

Malama Saratu ce ta lura da yadda take ramewa. Malamar su Fatima ce, Kirista, tana zaune a Mabera, kuma duk Kirsimeti a shagon Sirajo take yankar atamfa. Ran nan da ta taso daga makaranta ta biyo, ta ciro ɗan filashi daga jaka ta soka a bayan talabijin.

"Maman Fatima, zaman shirun nan zai kwantar da ke. Ga finafinai masu dogon zango, na binciken kisan kai, duk an fassara su da Hausa. Lokacin kullen korona su suka riƙe ni."

"Malama, ina takaba in zauna kallo? Mi mutane za su ce?"

"Ki rage murya. Wa zai sani?"

Ta rage muryar, ta fara kallo don kada ta watsa wa Malama ƙasa a ido. Kafin mako ya zagayo ta daina jin kiran mai ruwa a ƙofar gida. Abin da ya kama ta shi ne, a can ba a barin jini ya tafi a banza. Za a tsinci gawa, wani jami'i mai jajayen idanu zai zo ya duƙa, ya duba ƙasa, ya yi ta tambaya har sai ya kai ga wanda ya yi. Kuma kusan kullum na gida ne. Wanda ya fi kowa kuka wajen jana'iza, wanda aka ba amanar makulli.

Tana tsakiyar kallon wani kashi na fim da la'asar sai wani abu ya faɗo mata a rai. Duk Lahadi tare Sirajo da Jamilu suke tafiya Illela. Ban da wannan Lahadin.

Da Jamilu ya kawo cefane washegari, ya tsaya daga bakin zaure kamar yadda ya saba, sai ta yi masa magana ta bayan labule.

"Jamilu, ranar da abin ga ya faru, mi ya hana ka bin yayanka?"

"Wani uzuri ne ya taso min, Yaya Uwani."

"Wane irin uzuri?"

"Na gida ne. Don Allah ki bar maganar."

Ta ji muryarsa ta yi rawa. Ta ga irin wannan rawar murya a talabijin ba sau ɗaya ba. Daga ranar komai nasa ya zama shaida a wurinta. Shagon yanzu a hannunsa yake. Ya canza waya. Ya yi kuka a maƙabarta har sai da aka riƙe shi, haka aka ba ta labari. Cefanen da yake kawowa ma ta koma ganinsa toshiyar baki.

Ta gaya wa Malama Saratu. Malama ta dafe ƙirji.

"Maman Fatima, wancan fa shiri ne, wani ya zauna ya rubuta. Ki rufa wa kanki asiri, kada wannan magana ta fita ɗakin nan."

Ta zare filashinta ta tafi da shi. Amma maganar ta riga ta zauna. Da yayan Uwani, Tambari, ya zo duba ta, ta zayyana masa komai daki-daki, tana kuka. Tambari mutum ne mai zafin kai, kuma yana da abokai cikin 'yan sa-kai na wani ƙauye da ke kan hanyar, mutanen da suka sha binne 'yan uwansu, suka tsani mai kai wa 'yan bindiga rahoto fiye da 'yan bindigar.

"Tambayarshi kawai za su yi," in ji shi. "In ba ya da hannu, ya dawo gida."

Uwani ba ta ce a yi ba. Ba ta kuma ce a bari ba.

A bakin shago suka ɗauke Jamilu, da rana tsaka. Sai da dattawan unguwa suka yi ta zarya kafin a sako shi, ba a same shi da komai ba. A kwance aka shigo da shi gida. Hannunsa na dama ya karye wuri biyu, kunne ɗaya ya daina ji.

Mairo, matar Jamilu, ta zo da hantsi. Ba ta yi sallama ba, ba ta zauna ba. Ta tsaya tsakar gida, mayafinta a hannu.

"Kina son ki san inda yake ran nan? Asibiti muke. Cikin da nike ɗauke da shi ya zube tun da asuba, jini ya ƙi tsayawa. Yaya Sirajo da kanshi ya ce mai ya zauna wurina. Muna can anka bugo waya anka ce an harbe shi. Jamilu ya bar ni kan gado ya tahi ɗaukar gawa."

Mairo ta ci gaba.

"Shi ya ce kada a hwaɗa miki, wai abin da ke kanki ya ishe ki. Ko can da suna dukanshi ya hwaɗa musu, sunka ce ƙarya yake."

Ta juya ta fita. Uwani ta zame ta zauna a ƙasa, nan Fatima ta dawo ta same ta.

Sauran kwanakin takabar a ɗaki ta yi su. Cefane bai yanke ba, sai dai yanzu wani maƙwabcin shago ke ajiyewa a zaure ya wuce. Dangin Sirajo suka ɗauke ƙafa. Tambari ya ce shi taimako ya yi. Malama Saratu ta zo sau ɗaya, suka zauna kowa na kallon tabarma, ta ce da ta sani da ba ta kawo filashin ba, Uwani ta ce ba laifinta ba ne.

Ranar da ta fita takaba, ba ta je gidan iyayenta ba. Ta bi lungu a ƙafa, ta wuce ta gefen Hubbare, har gidan Jamilu. Ta same shi zaune a inuwar zaure, hannun ɗaure a wuya, ya faɗa ƙwarai. Ta durƙusa daga nesa.

"Jamilu, na cuce ka. Ka yafe min don Allah."

Bai motsa ba. Ashe ta gefen kunnen da ya mutu take. Sai da ta taso ta zagayo gabansa, ta sake faɗa da ƙarfi, har masu wucewa suka waiwayo.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Na jiya," in ji shi. "Ki aiko Fatima ta riƙa zuwa, ɗiyata ce. Amma ke, Yaya Uwani, ki ba ni lokaci."

Ya dafa bango da hannun hagu, ya miƙe da ƙyar, ya shige cikin gida. Ta ji Mairo ta saka sakata.