Igiyar Awon Ummul Khairi

Shekarar da Ummul Khairi ta cika bakwai aka auna ta. Abubuwa da yawa sun fara narkewa a kaina, amma hasken wannan hantsin yana nan. Wata mata ta zo daga meri, ofishin magajin gari, a bayan babur, ta ce su ne masu kula da naƙasassu a komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, kuma za a ƙera wa yaran da shan inna ya taɓa kekuna na hannu a Damagaram. Ta manta abin awonta a gida, sai ta ce in ba ta igiya. Na kwance ta kabar da nake shanya a kai. Ta zaunar da Ummu bisa turmi, ta ja igiyar daga ƙugu zuwa gwiwa ta ƙulla, daga gwiwa zuwa diddige ta ƙulla, daga kafaɗa zuwa tafin hannu ta ƙulla.

"Inna, kamar akuyar da za a kai kasuwar Mirriya," in ji Ummu tana dariya.

"Akuyar da za ta tuƙa mota," in ji matar. Ta rubuta sunan a guntuwar takarda, ta soke cikin ƙullin ƙarshe, ta tafi da igiyata.

Lakwal ɗin garinmu, makarantar boko, ba gini ba ce, rumfa ce. Sai an yi girbi an sami karan gero, iyaye su kafa ta a gonar Malam Nomau, can bayan fadama. Iskar ruwan farko ta ɗauke ta, mai gona ya shuka abinsa. Meri ta ce za ta gina aji na siminti, har an zo an juye yashi. Ciyawa ta tsiro a kansa.

Kafin keke ya zo, ni ce keken. Uban Ummu ya tafi Libiya tun tana goye, labarinsa ya yanke, don haka babu wani bayan sai nawa. Zane biyu nake ɗaure ta da su. Ƙafafunta suna reto a cinyoyina, bakinta a kunnena. Duk abin da ta gani sai ta canza shi. Duwatsun bayan gari shanu ne da suka kwanta tun zamanin da, suna jiran makiyayinsu. Yashin fadama kogi ne, ni kuma jirgin ruwa. In muna dawowa da azahar ta riƙa rubuta haruffa da yatsa a ƙeyata, ta ce in faɗi wanne ne. A haka na san su, ta fata.

Bayan girbin shekara ta biyu na ɗauke ta muka je meri. Biron masu kula da naƙasassu ofishi ne mai ɗaki ɗaya, mai shi Mushe Kassim. Ashe abin awon nan bai taɓa fitowa daga gida ba, don bangon bayansa duk igiyoyi ne rataye a ƙusoshi, na kaba, na leda, har da tsumman zane, kowace da ƙulli uku da takardarta. In iska ta shigo ta taga sai su motsa tare, kamar yara a layi suna gyara tsayuwa.

"Ga tawa can," in ji Ummu. "Mushe, ta rame."

"Ke ce kika yi ƙiba, hajiya," in ji shi. "Me Inna take ba ki, giwa?"

Na ce, "Mushe, yarinya tana girma, igiya ba ta girma. A sake awo."

Ya tura kujerarsa baya. "Sai in sake, ba wuya. Amma sabon awo sabon dosiye ne, sababbin takardu, sabon dosiye kuwa ƙarshen layi. Yanzu ku ne na tara. In na sake, ku ne na sittin da wani abu. Ki zaɓa."

Na dubi Ummu, na dubi bangon. Na ce a bar shi. Da shekara ta zagayo ma ya tambaye ni, haka na ce. Ni na ce, da bakina, sau biyu.

Tana shekara goma bayana ya ƙi. Wata safiya na durƙusa ta hau, na yunƙura, wani abu ya tsinke a ƙuguna, muka zube tare. Daga ranar ba ta sake zuwa lakwal ba. Takan ja jiki zuwa ƙofar gida ta jingina da zana. In iska ta taso daga gabas, tana kawo muryoyin yara suna bin madam ɗinsu karatu, guntu-guntu, kamar daga cikin rijiya. Ummu ta rufe ido ta cike abin da iska ta yar a hanya. Wani lokaci ta ɗaga hannu sama, yatsa ɗaya a miƙe, ta daɗe a haka.

Na koma meri ni kaɗai, da sanda. Na faɗa wa Mushe Kassim duk abin da ke bakina. Na ce kun ɗauki igiyata, kun juye yashi, kun tafi. Na ce ba sadaka na zo nema ba, ku kuka zo gidana. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya ce koke a rubuce ake yinsa. Ummu ta yage takarda daga kayenta, littafin rubutunta, ta rubuta mini, da rubutunta mai kyau, layi goma sha ɗaya. Akwatin koke yana bakin ƙofar meri da kwaɗo mai tsatsa. Rina ta yi gida a bakinsa. Sai da na kare fuska da mayafi na tura takardar.

A ƙarshen bazarar shekara ta huɗu aka aiko mu zo. Ƙanena Tahiru, maƙeri ne, ya kai mu a amalanke. Kekuna goma sha biyu a jere ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, shuɗaye, fenti yana ƙamshi, kowane da igiyarsa ɗaure a hannu. Tahiru ya ɗaga Ummu ya ɗora. Ƙugunta bai shiga ba. Da aka matsa ta zauna a karkace, gwiwoyinta suka tokare abin juyawar. Keken yarinya 'yar bakwai ne, an yi shi daidai, babu kuskure ko na yatsa. Mai hoto ya ce ta yi murmushi, ta yi. Mushe Kassim yana duban takardunsa, bai ɗago ba.

"Kawu," in ji ta a hanyar dawowa, "kai da kake ƙara wa garma baki, ba ka iya ƙara wa keke ciki?"

"Ke dai bakinki ne ba ya buƙatar ƙari," in ji shi.

Ya yanka keken gida uku. Ya sare tsohon gadon ƙarfen uwarmu ya yi ƙari da shi, ya kai Mirriya wajen mai walda, ya dawo, bai yi ba, ya sake komawa. Kwana tara. A rana ta bakwai, da la'asar, gabas ta yi baƙi aka yi ruwan farko. Na ji iskar, na san abin da ta yi. Ummu ma ta ji. 

Safiyar da keken ya dawo, rabi shuɗi rabi tsatsa, ta sa farin hijabinta, ta sa kayenta cikin leda. Ta ce, "Inna, kar ki biyo ni." Na bar ta ta yi nisa, na bi ta da sandata.

Ruwa ya danne yashi, ƙasa ta yi tauri kamar an daɓe mata. Hannuwanta suna juyawa, hijabin ya cika da iska. Daga inda nake ban ga ƙafafun keken ba, sai farin abu yana tafiya bisa fadama, shiru, ba ya taɓa ƙasa. Ban taɓa ganin bayan 'yata yana nisa da ni ba sai ranar.

Babu rumfa. 'Yan turaku ne a tsaye da karan da iska ta watsar. Malam Nomau yana sara da sungumi, matarsa tana bin sa da iri. Na tsaya bayan wata aduwa ina jin su.

"'Yar nan, ai madam ta koma Damagaram shekaranjiya. Sai bayan girbi kuma," in ji Malam Nomau.

"Na sani, Baba. Wurina na zo gani."

Ta juya keken, ta ƙirga turaku, ta matsa gaba kaɗan, ta ja baya, ta tsaya. Ta fito da kayen ta buɗe a cinya, fuskarta wajen da allo yake a da. Malam Nomau ya iso da layin shukarsa har gab da ita. Ya tsaya ya dube ta. Sai ya ɗaga sungumin ya zagaye ta, ya ci gaba daga can gaba, matarsa ta bi shi.

Zazzaɓin damina ya ɗauke ta gero yana fitar da kai, kwana uku kawai ta yi. Allah ya jiƙanta. Bayan an share makoki ƙafata ta kai ni gonar. Gero ya fi ni tsawo, na kutsa ciki ina ture ganye, har na faɗo wani fili a tsakiya, faɗin tabarma ɗaya, babu ko tsiro. Na zauna a ciki. Sama kaɗai ake gani daga nan, ganye yana ta magana a kewaye. Ban san iya daɗewar da na yi ba.