Lalle a Mafeshin Ubale

Wata ce ta taɓa shi. Wata a cikin gidan nan, kuma ta san kanta. Ta shigo zaurena, ta ɗaga buhu, ta ɗauki mafeshina ta ɗura masa ruwan lalle. Lalle... a abin da na haɗa don fentin ɗan jirgin ƙasan da nake ƙerawa da gwangwani.

Ga shi nan a cinyata. Famfon keke, gwangwanin madara, sai ɗan bakin tagulla da na huda da tsinin allura har idona ya yi ruwa. Wa ya koya mini? Ba kowa. A Jos, ina haƙar kuza, na ga wani Bature yana fesa wa motarsa fenti, na ƙare masa kallo, na dawo Dangora na yi nawa. Hudar nan da, gashin gira ma da ƙyar yake wucewa. Lalle ya toshe ta, sai aka sa mata basilla. Basilla fa! Yanzu ba feshi yake ba, tofi yake kamar tsoho mai cin goro.

Su a wurinsu mene ne? Kayan kwalliya. Ɗan'uwan tandun kwalli. Sun ga abu yana fitar da raɓa, shi ke nan, a kai wa amarya. Ina ruwansu da tace fenti a ƙyalle, da tsinka shi da kananzir, da wanke baki tun bai bushe ba...

Kan jirgin ga shi can a benci — gefe ɗaya baƙi sumul, gefe ɗaya gwangwani tsirara. Tun kaka nake kansa. Kullum na ji usur sai in ruga tasha in ƙara duban yadda sandar nan take juya ƙafafu, mutane suna cewa Ubale ya tsufa bai bar wasa ba. In sake huda wani baki? Da wane ido? Ni da zare ma sai Safara'u ta zura mini...

Safara'u. 'Yata. Ita ce amaryar.

Da hantsi na faɗa cikin gida da abin a hannu. Mata maƙil, dangin ango daga Doguwa a kan tabarma — na buɗe baki. Me na rage? Yaya Luba tana riƙe mini riga, "Ubale, yau ranar 'yarka ce, ka sassauta." Na fizge. Na ce wadda ta yi mini wannan, Allah ya isa, ban yafe ba. A gaban kowa. Har mai guɗa ta haɗiye guɗarta.

Sai hannu ya leƙo daga ƙarƙashin mayafin amarya... Ganyen tsamiya ne aka jera a bayan hannun aka fesa, aka ɗauke ganyen, siffarsa ta zauna. Gefen yana ɓacewa a hankali kamar hayaƙi. Babu ɗigo, babu zuba. Wannan sai wanda ya san a ja baya kamu guda, a wuce a kaikaice, kada hannu ya tsaya. Wa ya san haka a garin nan?

A'a. Saude ce, ƙawarta, mai rawar kan nan. Ko wata cikin baƙi. Ko...

Wa ke buga mini famfo tun ranar da aka kai uwar Safara'u makwancinta, in ba ita ba? Tana tsugune nan, gwiwa a ƙasa, "Baba, ja baya kaɗan, zai zuba."

Motar Doguwa tana ta ham a bakin hanya. An ɗaure kwalla da tabarmi. Na ji takun Yaya Luba a bayan zana, na ji wani takun, mara nauyi, ya tsaya. Safara'u ta durƙusa — ina ganin inuwar. Ta zo sallama, kuma Allah ya isana yana bisa kanta, da shi za ta haura Tudun Wada, da shi za ta shiga gidan mutane.

"Na yafe." Abin da ya rage in faɗa ke nan. Ni da bakina bai taɓa jin nauyin magana ba, daga Jos har kasuwar Ƙafin Maiyaki... yau harshe ya zama dutse. In na faɗa, na yarda ita ce. In ita ce, gobe wa zai riƙe famfo?

Jirgin ya mutu rabi da rabi. Kuma feshin da ke hannun nan ya fi duk wanda na taɓa yi kyau — duka, har na gefen baƙin. Wanda ya ga hannun da idonsa, ya zo nan zaure ya ce mini ƙarya nake.