Yacouba Ya Hau Keke

Yacouba ya tsufa yana tuƙin taksi a Yamai, amma bai taɓa hawa keke ba. Da likita ya ce gwiwoyinsa na bukatar motsi, sai ya nufi shagon Zailani mai sayar da kekuna a Wadata.

Ya daɗe yana shafa sirdin wani baƙin keke.

"Baba, hau ka gwada mana," in ji Zailani.

Yacouba ya waiga, ya rage murya. "Ɗana, ban iya ba."

Zailani bai yi dariya ba. Ya bar wa tela maƙwabcinsa tsaron shago, ya ja keken zuwa lungu. Yacouba ya hau yana tangaɗi, Zailani na riƙe da sirdi yana bin sa da gudu, har gumi ya jiƙa su.

"Kada ka sake ni!" Yacouba ya yi ihu.

"Ai tun wajen mai shayi na sake ka, Baba!"

Dariya ta ƙwace wa Yacouba, masu turin kura suka tsaya suna tafa masa. Ya sayi keken, washegari ya dawo don a koya masa juyawa.