Matan Gabtola a Jirgin Injin Ruwa

Sunana Rowshan Ara. Na daɗe ina aiki a wani babban kamfanin wayar salula a Dhaka, babban birnin ƙasarmu, a sashen hidimar al'umma da kula da muhalli. Mu ne masu raba barguna, mu ne masu dashen itatuwa a gaban 'yan jarida. A duk abin da na yi a kan wannan kujera, guda ɗaya ne nake iya ɗaga kai in kira shi aiki, shi ne injin tace ruwa na Gabtola.

Gabtola tsibiri ne a kudancin yankin Satkhira, can kusa da teku. Tun da guguwa ta fasa musu madatsa, ruwan teku ya shiga tafkuna da rijiyoyi, ya ƙi fita. Muna da ƙarfen sabis a can mai aiki da hasken rana, wutar kuma ta yi masa yawa. Na yi ta naci har aka yarda a ja rarar wutar a haɗa wa injin da ke cire gishiri daga ruwa. Mata suka huta da tafiyar rabin yini da tulu a kwankwaso, ƙurajen jikin yara suka lafa. Hoton injin ya hau bangon rahoton shekara, kamfani ya ci lambar yabo a ƙasar waje.

Wata Lahadi, ranar da muke fara aikin mako, shugaban sashenmu, Mofizul Sarkar, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, ba ya taɓa ba ka mummunan labari sai ya sa an kawo maka shayi.

"Rowshan, masu zuba jari za su zo daga Turai, suna son ganin injin nan naki. Ba za mu ɗora su a kwalekwale su yi ta kutsawa cikin laka ba. Za a ciro shi a kafa a Gazipur, nan kusa da Dhaka, a bakin titi. Mun yi wa wurin fenti, har da furanni."

"Mofizul Bhai," na ce, wato Yaya Mofizul, "mutanen Gazipur suna da famfo."

"To ai sai ruwan ya ƙara daɗi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ke suka sani a ƙauyen. Ki je ki ce musu gyara za a kai shi. Ki tafi musu da riguna da huluna."

"Yaushe za a mayar musu?"

Ya tura mini farantin biskit. "Sha shayinki kada ya huce."

Na riga ma'aikatan da za su ciro injin isa Gabtola da kwana ɗaya. Kai tsaye na nufi gidan Joygun Bibi, dattijuwar da matan garin suka ba riƙon makullin ɗakin inji. Khala muke ce mata, wato inna. Na same ta tana shanya ƙananan kifaye a tabarma, bakinta ja wur da ganyen pan da take tauna kamar goro.

"A'a, 'yar birni! Yau kuma wane hoto za a ɗauke mu?"

"Ba hoto, Khala. An aiko ni in ce miki za a kai inji gyara."

Ta ɗago ta dube ni. "Lafiyarsa ƙalau. Da safe na ɗebi ruwa."

"Na sani. Gazipur za a kai shi, don baƙi su kalla. Ba zai dawo ba."

Ta tofar da jan yawu gefe, ta goge baki da gefen sarinta, dogon zanen da muke naɗawa. Can ta nuna buhun da na ajiye. "Wannan fa?"

"Riguna ne da huluna."

"Madalla. In ƙishi ya kama mu sai mu matse hula mu sha."

Washegari da hantsi jirgin ruwa ya iso da Shubroto Dhali, injiniyan da ya kafa injin da hannunsa, da ma'aikatansa. Na zaci za mu tarar da mata sun tare ƙofa. Ba kowa. Joygun Khala da kanta ta buɗe ɗakin, ta miƙa masa makulli, har tana ce masa ya yi hattara da bututun hagu, yana ɗiga. Shubroto ya yi aikinsa kansa a sunkuye. Kafin azahar an kwance komai, an ɗora a jirgi, an ɗaure da igiya.

Sai muka ji ƙarar tuluna. Mata ne suke gangarowa daga kan madatsa a jere, kowace sanye da rigar kamfani, da tulun alminiyom a kwankwaso, wasu da goyo, wasu da ƙunshin shinkafa. Joygun Khala ce a gaba, ta kifa hular kamfani a kan mayafinta. Suka taka katakon hawa ɗaya bayan ɗaya, suka zazzauna a kan akwatuna, a kan rufi, a gefen inji, har jirgin ya fara nutsewa zuwa baki.

Mai jirgi ya ɗora hannu a ka. "Khala, ina za ku?"

"Ɗiban ruwa. An ce rijiyarmu ta koma Gazipur. Ja mu je, ɗana, muna son mu dawo kafin magariba."

Matan suka tuntsire da dariya. Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin Dhaka ba, a tsaya mata a hanya ta sayi awarwaro. Wata ta ce a yi mata wuri kusa da Turawan, ta ji an ce suna son hoto.

"Wallahi ba zan tayar ba," in ji mai jirgi. "In na motsa da wannan lodi, duk a ƙasan kogi za mu kwana."

Shubroto ya kira ofis, ya yi bayani, sannan ya miƙo mini wayar. Wannan karon babu dariya a muryar Mofizul.

"Me kika gaya musu?"

"Gaskiya."

"Ki kira 'yan sanda yanzu. Kayan kamfani ne."

"Ba zan kira ba."

"Rowshan, umarni nake ba ki."

"Na ji, Bhai. Kana da waya, sabis ɗinmu kuma yana kaiwa ko'ina. Ka kira su da kanka, ka ce su zo su jefa tsofaffi da masu goyo a ruwa. Sai dai ka sani, duk macen da ke jirgin nan sanye take da rigarmu, tambarinmu a ƙirjinta, samarin gari kuma suna kan madatsa da wayoyinsu."

Sai ya ce, "Kin san abin da kike yi wa kanki?"

"Na sani." Na kashe, na miƙa wa Shubroto wayarsa. Na tattare sarina na taka katakon. Joygun Khala ta matsa mini wuri a kan akwatin matatar ruwa.

"Ke ina tulunki?"

"Zan ari naki, Khala."

Muna nan zaune rana tana dukanmu har ruwan kogi ya janye, kamar yadda yake yi kullum idan teku ya ja baya, jirgin ya zauna daram a kan laka. Aka kwance ƙunshin shinkafa da barkono da soyayyen kifi, aka miƙa wa ma'aikatan ma. Shubroto ya ci loma biyu, ya ajiye, ya tashi ya ɗauki akwatin kayan aikinsa.

"Apa," ya ce mini, wato yaya, "matatar nan in ta bushe a rana lalacewa take yi. Dole in mayar da ita cikin ruwa. Abin da zan faɗa a ofis ke nan, kuma ba ƙarya ba ne."

Matan da suka hau da tuluna su suka sauko da bututu da akwatuna a ka, laka har gwiwa. Kafin rana ta faɗi injin ya yi tari, ya kama.

A Gazipur an kafa tankin roba da famfo mai sheƙi a madadin injin, an ce baƙin sun yaba ƙwarai. Ni kuwa da na koma Dhaka, Mofizul ya kira ni, babu shayi. Ya ce zai fi mini mutunci in ajiye aiki da kaina.

"Ba zan ajiye ba," na ce. "In kora ce, ku kore ni, ku faɗi dalili."

Ba su kore ni ba. Sun mayar da ni ɗakin ƙasa, inda ake tara matattun batura da tsofaffin wayoyi kafin a kai su narkarwa. Babu taga, fanka ɗaya ce. A satin farko na gano cewa baturan ba wurin narkarwa ake kai su ba, wani ɗan kwangila ne ke fasa su a bakin kogi, inda yara ke wanka. Na sa takalmina, na hau bene, na ƙwanƙwasa ƙofar Mofizul. Da ya ga ni ce, sai ya dafe goshi.

"Ke kuma? Yanzu mene ne?"

Na ja kujera na zauna tun bai ce in zauna ba.