Tarin Kalib a Tashar Arlit

Tarin ta fara ji kafin waƙar. Gajeren tari sau biyu, sai gyaran murya, irin na mutumin da ke ganin duniya za ta jira shi. Lydia ta tsaya cak a tsakiyar tasha da kular shinkafa a ka, don mai wannan tarin tun damina biyu da suka wuce aka kai shi makwancinsa.

Daga wata babbar motar dakon ruwa muryar ke fitowa. Kalib ne, mijinta, yana rera waƙar yabon da yake jagoranta a ƙaramar majami'arsu, yana jan ƙarshen baiti fiye da kima kamar yadda ya saba. Ta sha yi masa tsiya a kan wannan jan.

Ta sauke kular inda ta ga dama, ta nufi motar. Direban, wani dogon Buzu da rawani ya rufe masa baki, yana ta buga tayoyi da ƙarfe.

"Malam, don Allah, ina ka samo waƙag ga?"

"Waƙar Tsoho Mai Tari? Illi ya tura mini. Shi kuma Hamadi ya ba shi. Kowa yana da shi a hanyar Tchibarakaten, yana hana barci." Ya dube ta da kyau. "Madam, kai lafiya?"

"Mijina ne."

Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya ce sunansa Alkassoum, ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar.

Ba sai an yi mata bayani ba. Kalib mai walda ne, rabin tankunan tashar nan sun sha wutarsa. Direbobin hamada kuwa, da yake sukan yi kwanaki inda babu rezo, waya ba ta kamawa, guzurinsu waƙa ce. In an zauna shan shayi sai a haɗa waya da waya a yi musaya, kuma a wajensu tsayawa zaɓe rowa ce da rashin kunya: duk abin da ke ciki ake kwasa, a ba ka duk nasu. Haka wani ya kwashe har da gwajin waƙar da Kalib ya ɗauka a tsakar gida. Ita kuwa wayar marigayin, da ta ƙi kunnuwa bayan rasuwarsa, mai gyara ya wanke ta tas ya miƙo mata yana murmushin gwaninta. Hoto ko ɗaya bai tsira ba, balle murya. Abin da Lydia ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ta fara mance yadda muryar take.

"Ka tura mini," ta ce, tana kunto 'yar wayarta mai maɓallai daga bakin zane.

Alkassoum ya juya wayar a hannunsa. "Wannan sai bulutut. Tafiyar hawainiya gare shi, kuma waƙan yana da tsawo."

Wayoyin suka yi ta laluben juna kamar baƙi a gidan biki. Da ƙyar suka gaisa, wani siririn layi ya fara rarrafe a fuskar tata. Bai kai ko'ina ba sai motocin gaba suka hau hon. Ayarin zai tashi, kuma wanda ayari ya bari sai ya jira na gaba. Alkassoum ya taka zuwa ƙofar mota da wayarsa a hannu, layin ya tsinke nan take.

Lydia ba ta roƙe shi ba. Ta san mota ba tasa ba ce, ta kuma san ruwan da ke bayanta akwai masu haƙar zinariya da ke jiransa. Ta dai tsaya tana kallon wayar.

Ya hau, ya tada inji. Sai ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar.

"Hau, Madam. Har shingen bakin gari suna iya gamawa, in Allah ya yarda."

Ta bar wa mai shayin tasha kularta, ta tattare zane ta hau. Ya sake tura waƙar, ya miƙa mata wayarsa. Ta haɗa wayoyin biyu baya da baya, ta matse su a ƙirji duk da ya ce ba sai sun taɓa juna ba. Wa zai gaya mata? Motar ta ratsa kasuwa, ta wuce lambuna, tudun tarkacen ma'adini ya bayyana can nesa. Alkassoum, da aka san shi da gudun tsiya, ya bar motoci suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, direbobin suna leƙowa suna tambayarsa ko amarya ya ɗauko. Bai kula su ba. Ita kuwa addu'a take, kuma ba ta ji kunyar ya ji ba.

Suna tsayawa a shingen wayar ta yi ɗan ƙara. Layin ya cika.

"Allah ya saka maka, ya kai ka lafiya, ya tsare maka iyali," ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. "Ban da abin da zan ce."

"Amin. In goge na wayata? Abin gidanku ne, ba mu sani ba."

"Kada ka goge. Da ba ku kwasa ba, ina zan same shi?"

Ta sauka, ta kama hanyar gari a ƙasa, rana na dukanta. Ta kara wayar a kunne. Tari, gyaran murya, baiti bayan baiti. Sai ƙarar murfin tukunya, sai wata mace daga nesa, a fusace: "Kalib, tuwon ga zai huce, ka bar waƙag ga haka nan!"

Ya yi dariya, dab da kunnenta.

"Ina zuwa, Lydia. Saura baiti guda."