Addu'ar Zomaye Ta Bana

Kamfanin man shafawar da Fumie Okuno ke yi wa aiki a bayan garin Numazu yana da wani dutse a tsakar gida, an sassaƙa masa godiya ga dabbobin da suka mutu a ɗakin gwaji. Duk kaka sai ma'aikata su sa baƙaƙen kaya, a ɗauko limamin haikali, a ƙona turare, a roƙa wa zomaye salama. Washegari kuma a koma ɗiga musu man fuska a ido. Mugunta ce da ladabi, kuma Fumie ta fi kowa sani, don ita ke share keji, ita ke danne wuyan zomo a akwati.

Ƙa'idar aikin ita ce a ɗiga a idon dama, a bar na hagu don a kwatanta. Zomo ba ya ihu. Sai dai ya yi ta harbin iska, wani sa'in har ƙashin bayansa ya karye.

An hana sa musu suna, ita kuwa ta sa wa guda ɗaya Daikon, saboda fari ne sol kamar farar saiwar nan da ake yankawa a miya. Ragowa ne, an gama gwajin bana ba a zo kansa ba. Ta dinga bin Manaja Kuroiwa da magiya har ya gaji.

"To Iyar zomaye," in ji shi, "ranar addu'a in an tashi ki ɗauki ɗanki ki tafi. Kar dai ki gayyace ni suna."

Ta sayi keji, ta gyara masa lungu kusa da shimfiɗarta. Tun rasuwar mijinta babu mai numfashi a gidan nan sai ita, kuma son zomon nan take yi, so na tsakani da Allah. Ranar addu'a ta zo da karas biyu a aljihu, ɗaya na matattu a gindin dutse, ɗaya na Daikon.

Aka jeru. Liman, wani tsoho mai nauyin kunne, ya fuskanci dutse ya ba jama'a baya. A bayansa akwai tebur da kaskon turare na ƙarfe, da kwalbar ruwan goge fuska da aka fitar bana, wai don matattu su ga abin da ransu ya saya. Ruwan nan ne ya kumbura idanun zomaye suntum, har aka rubuta a jikin kwalbar kada ya taɓa ido. Fumie na sahun gaba, Kuroiwa a gefenta. Sai ya karkato ya raɗa mata.

"Af, Iya, ɗan nan naki na sa an yi masa allura da safe."

"Wace allura, ranka ya daɗe?"

"Ta ƙarshe mana. Manya sun ce dabbar gwaji ba ta fita daga gidan nan. To na ga da a kashe shi gobe ya yi ta jiran addu'a har baɗi, gara ya shiga ta bana. Gata na yi masa."

Abin takaicin, har zuciyarsa gatan yake gani. Ya ma ɗan yi murmushi yana jiran godiya.

Liman ya buga ƙararrawa. Kowa ya rusuna ya rufe ido, kuma ba a ɗagowa sai an buga ta biyu. Fumie kuwa ba ta rufe nata ba. Ta miƙa hannu ta sunkuci kaskon turare, da tokarsa da zafinsa, ta maka wa Kuroiwa a ƙeya. Ya kife da fuska a kan tsakuwa, hanci ya fashe, haƙori ya yi tsalle. Ta birkice shi rigingine, ta ɗora gwiwa a maƙogwaronsa, ta kama kan da hannu ɗaya. Hannun da ya shekara yana danne zomo ai ya san inda ake riƙewa.

Jama'a sun ji faɗuwar. Sai suka ɗauka wani ne jiri ya kwashe, kuma a wurinsu kallon wanda ya faɗi ƙara masa kunya ne, balle ana tsakiyar addu'a. Suka ƙara sunkuyar da kai. Shi kansa Kuroiwa ya datse leɓe da sauran haƙoransa kada ya ɓata taro, ƙafafunsa kawai ke ta harbin tsakuwa.

Ta janyo kwalbar daga kan tebur, ta cire murfin da baki, ta banƙare masa fatar idon dama da babban yatsa, ta tsiyaye ruwan tas. Nan ladabi ya ƙare. Ya ƙwalla ƙara daidai lokacin da liman ya buga ta biyu.

Aka ɗago aka ga manaja jina-jina yana birgima, ido ya yi jawur ya fara hawa. Wata sakatariya ta sulale ta zauna. Maza suka tsaya cirko-cirko, kowa na jiran na sama da shi ya fara motsi.

Fumie ta miƙe, ta kakkaɓe tokar siket ɗinta, ta rusuna masa yadda ake yi wa shugaba.

"Na hagun na bar maka, ranka ya daɗe," ta ce, "don ka kwatanta."

Masu gadi sun taso da gudu daga bakin ƙofa, amma ba ta dube su ba. Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa gaban dutsen, ta laluba aljihu, ta ajiye karas ɗin duka biyu.